Estes Kefauver: Sanatan Da Ya Gurfanar Da Shugabannin Miyagu Gaban Jama'ar Amurka

Ran 10 ga watan Agusta na 1963 ne Sanata Estes Kefauver na Jihar Tennessee ta ƙasar Amurka ya rasu a asibitin mayaƙan ruwa da ke Bethesda, kusa da birnin Washinton, yana da shekara 60 a duniya. Sau biyu ya nemi jam'iyyarsa ta tsai da shi takarar shugabancin ƙasa, sau biyun kuma ya rasa. Amma abin da ya sa ba a manta da sunansa ba shi ne wani ɗan kwamiti na mutum biyar da ya shugabanta daga 1950 zuwa 1951, wanda ya zagaya manyan biranen ƙasar yana binciken ƙungiyoyin masu aikata manyan laifuffuka, da irin ƙawancen da ke tsakaninsu da 'yan sanda da 'yan siyasa.

Kwamitin majalisa ba shi da ikon kama mutum ko ɗaure shi. Iyakar ƙarfinsa shi ne ya aika wa mutum da sammaci, ya rantsar da shi, ya yi masa tambayoyi, sa'an nan ya rubuta rahoto ya ba da shawarar dokokin da suka kamata a kafa. Tarihin rayuwar Kefauver ya nuna irin nisan da wannan iko yake iya kaiwa, ya kuma nuna inda yake tsayawa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Carey Estes Kefauver ran 26 ga watan Yuli na 1903 a Madisonville, wani ƙaramin gari a gabashin Jihar Tennessee. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini da na aikin gona, ya kuma taɓa riƙe muƙamin magajin garin. Yana ɗan shekara 11 sai wansa Robert, wanda iyayensu suka ɗora wa babban buri, ya rasu sakamakon haɗarin da ya same shi wajen iyo a kogi. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna cewa wannan rashi ya sauya halin yaron, ya zama mai shiru-shiru da naci a kan karatu.

Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Tennessee a 1924. Daga nan ya yi shekara guda yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Jihar Arkansas, kana ya shiga Jami'ar Yale inda ya kammala karatun lauya a 1927. Ya buɗe aikin lauya a birnin Chattanooga, ya yi shekara 12 yana yi. A 1935 ya auri Nancy Pigott, 'yar asalin ƙasar Sikotilan, suka yi rainon 'ya'ya huɗu.

A 1939 aka naɗa shi Kwamishinan Kuɗi da Haraji na jiharsa. Bai yi 'yan watanni a ofis ba sai wakilin mazaɓarsa a Majalisar Wakilai ta tarayya ya rasu, aka yi zaɓen cike gurbi, Kefauver ya ci a ƙarƙashin Jam'iyyar Dimokurat. Ya yi kusan shekara 10 a wannan majalisa. Tun a lokacin hankalinsa yana kan yadda majalisa za ta riƙa sa ido a kan gwamnati. Ya kawo shawarar a riƙa kiran ministoci zauren majalisa suna amsa tambayoyin wakilai kamar yadda ake yi a Ingila, amma ba a karɓa ba. A 1947 shi da Jack Levin suka wallafa littafi a kan gyaran tsarin aikin majalisar.

A 1948 ya nemi kujerar Majalisar Dattijai. A zamanin nan kuwa siyasar Tennessee tana hannun mutum guda, watau E. H. Crump na birnin Memphis, wanda ya daɗe yana ɗora wanda ya so a kan kujera ya sauke wanda ya ga dama. Crump ya sayi fili a jaridu ya zargi Kefauver da jingina ga 'yan Kwaminis, ya kuma kamanta shi da rakun, wata ƙaramar dabbar daji mai wayon sata. Maimakon ya fusata, sai Kefauver ya nemo hular da aka ɗinka da fatar wannan dabba, irin wadda mafarautan farko na jihar suke sawa, ya riƙa hawa dandamali da ita. Zagin ya koma talla. Ya ka da ɗan takarar Crump da sanata mai ci gaba ɗaya, ya shiga Majalisar Dattijai a watan Janairu na 1949.

YADDA LAIFI YA GAGARI 'YAN SANDA

Domin a fahimci aikin da ya yi, sai an duba yadda tsarin 'yan sanda yake a Amurka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. A Amurka kuwa kowane birni yana da nasa 'yan sandan, kowace gunduma tana da babban jami'in tsaro wanda galibi jama'a ne ke zaɓensa, kowace jiha kuma tana da dokokinta na laifi. Ikon ɗan sandan birni yana ƙarewa ne a bakin iyakar birninsa.

Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin tarayya ta haramta yi da sayar da giya. Masu fasa-ƙwaurin giya suka tara dukiya mai yawa, suka koyi haɗa kai daga birni zuwa birni, suka kuma saba da sayen 'yan sanda da alƙalai. Da aka soke haramcin sai suka mai da jarinsu kan caca, wadda ita ma haramun ce a kusan dukkan jihohi ban da Nevada. Babbar hanyar samunsu ita ce cacar sukuwar dawaki da ake yi a ɓoye a shaguna da ɗakunan baya.

Wannan sana'a ba ta yiwuwa sai da labari mai sauri. In mai karɓar caca bai ji sakamakon sukuwa nan take ba, wani da ya riga shi ji zai zo ya sa kuɗi a kan dokin da ya riga ya ci. Saboda haka dukkansu suka dogara ga wani kamfani mai suna Continental Press Service, wanda ke aika sakamakon sukuwa ta wayar tangaraho zuwa jihohi da yawa. Duk wanda ya riƙe wannan waya ya riƙe wuyan masu caca. A 1946 aka harbi shugaban kamfanin, James Ragen, a birnin Shikago, ya mutu bayan 'yan makonni, daga nan magadan Al Capone suka sami ƙafar shiga harkar.

Ga laifi mai ƙetare iyakokin jihohi, ga 'yan sanda masu tsayawa a bakin iyaka, wasunsu ma suna cikin masu karɓar kaso. Hukumar bincike ta tarayya, watau FBI, a ƙarƙashin J. Edgar Hoover, ta ɗauki caca a matsayin matsalar jihohi, ta fi mai da hankali ga farautar 'yan Kwaminis. A ƙarshen 1949 ƙungiyar hukumomin biranen Amurka ta roƙi gwamnatin tarayya ta sa baki, zama abin ya fi ƙarfin kowane birni shi kaɗai.

KAFA KWAMITIN

A watan Janairu na 1950 Kefauver ya gabatar da ƙudurin neman Majalisar Dattijai ta yi bincike. Manyan jam'iyyarsa ba su yi murna ba, domin Dimokurat ce ke mulkin yawancin manyan birane, sun kuwa san inda aka tona rami nan za a ga nasu. Ƙudurin ya yi ta jan ƙafa har watan Afrilu, lokacin da aka tsinci gawar Charles Binaggio, wani jigon caca kuma jigon siyasa a birnin Kansas, tare da gawar yaronsa, a cikin wani ofishin Jam'iyyar Dimokurat. Jihar Missouri inda abin ya faru ita ce mahaifar Shugaba Harry Truman. Daga nan babu sauran damar ɓoye-ɓoye.

Ran 3 ga watan Mayu na 1950 majalisar ta amince da kafa kwamiti na musamman, bayan ƙuri'a ta yi kunnen doki a kan tsarinsa har sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alben Barkley, ya raba gardama. Tsarin mulkin Amurka ya bai wa majalisar tarayya ikon kula da ciniki tsakanin jihohi, don haka aka ɗora aikin kwamitin a kan binciken laifuffukan da ke bin hanyoyin wannan ciniki. Aka ba shi dala 150,000 na gudanar da aiki. Wakilansa su ne Kefauver a matsayin shugaba, da Herbert O'Conor da Lester Hunt daga Dimokurat, da Charles Tobey da Alexander Wiley daga Rifablikan. Aka ɗauki wani matashin lauya, Rudolph Halley, ya zama babban mai yi wa shaidu tambaya. Shugaba Truman kuma ya ba da umurni a buɗe wa kwamitin takardun harajin waɗanda ake bincike, abin da ya zama babban makaminsa, domin takardar haraji tana nuna abin da mutum ya ce ya samu, sai a auna da abin da ya mallaka.

ABIN DA AKA TARAR

Cikin wata 15 kwamitin ya zauna a birane 14, ya saurari shaidu fiye da 600. An fara da Jihar Filorida. A can babban jami'in tsaro na gundumar Broward, Walter Clark, ya amsa cewa yana da hannun jari a wani kamfani da ke tafiyar da caca a cikin gundumar da aka damƙa masa tsaronta. An kuma gano yadda mutanen Shikago suka kutsa cikin ƙungiyar masu caca ta bakin tekun Miami a 1949, bayan an yanke wa ƙungiyar wayar sakamakon sukuwa har ta miƙa wuya. Bincike ya nuna wani mai filayen tseren karnuka ya zuba kuɗi masu yawa a yaƙin neman zaɓen Gwamna Fuller Warren. Gwamnan ya ƙi amsa kiran kwamitin, yana mai kafa hujja da 'yancin jiha.

A Shikago abin ya fi muni. A watan Satumba na 1950, kafin kwamitin ya iso, aka harbe William Drury, wani tsohon jami'in 'yan sanda da ake sa ran zai ba da bayani, aka kuma kashe wani lauya mai suna Marvin Bas a daren. Da aka zauna, sai aka kira Kyaftin Daniel Gilbert, babban mai bincike a ofishin lauyan gwamnati na gundumar Cook, wanda kuma Dimokurat ta tsayar takarar babban jami'in tsaro na gundumar. A zaman sirri ya amsa cewa dukiyarsa ta haura dala 300,000, ya ce daga cinikin hannun jari da caca ya tara ta. Mai dokar barci ke nan ya ɓuge da gyangyaɗi. Jaridar Chicago Sun-Times ta samo bayanin ta buga ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen watan Nuwamba. Gilbert ya faɗi, ya kuma ja wasu suka faɗi tare da shi, har da Scott Lucas, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dattijai, wanda ya rasa kujerarsa ga Everett Dirksen. Lucas bai taɓa yafe wa Kefauver ba.

Kusan duk inda kwamitin ya sauka labarin ɗaya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: babu gidan cacar da zai yi shekaru a buɗe a tsakiyar gari ba tare da sanin ɗan sandan unguwa da na sama da shi ba.

ZAMAN BIRNIN NIYOK

A farkon 1951 gidajen talabijin suka fara nuna zaman kwamitin kai tsaye, da fari a New Orleans, sa'an nan a Detroit da wasu birane. Talabijin sabon abu ne a lokacin. Ran 12 ga watan Maris na 1951 aka buɗe zama a kotun tarayya da ke dandalin Foley a birnin Niyok, aka yi kwana takwas ana yi. An ƙiyasta mutum miliyan 30 ne suka kalla. Matan aure sun bar aikin gida, ma'aikata sun cika wuraren shan shayi da ke da akwatin talabijin, gidajen siliman sun yi ƙarancin 'yan kallo.

Babban shaida shi ne Frank Costello, wanda ake ɗauka shi ne uban gidan masu caca na birnin, mai faɗa a ji wajen naɗin alƙalai da 'yan takara. Lauyansa ya ƙi yarda a nuna fuskarsa, kwamitin ya amince. Sai masu ɗaukar hoto suka karkata na'urarsu kan hannuwansa. Mutane suka yi ta kallon yatsu suna murza takarda, suna damƙe hankici, suna ɗaukar kofin ruwa, alhali muryarsa mai kaushi tana kauce wa tambayoyi. Hannuwan sun faɗi abin da bakin ya ɓoye. Ya ƙi bayyana yawan dukiyarsa, ya kuma fice daga zauren ana cikin zama da hujjar ciwon maƙogwaro.

An kuma kira William O'Dwyer, tsohon magajin garin Niyok, wanda ya sauka daga kujera a 1950 ana tsakiyar abin kunyar cin hancin 'yan sanda, aka naɗa shi jakada a Meziko. Ya amsa cewa ya taɓa zuwa gidan Costello a 1942 lokacin yana soja, ya ce aikin bincike ne ya kai shi. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan kashe gobara ya shaida cewa ya miƙa masa dala 10,000, shi kuwa ya musa. Ba a taɓa gurfanar da O'Dwyer a kotu a kan wannan ba, amma mutuncinsa na siyasa bai sake dawowa ba.

Cikin wannan hayaniya duka Kefauver yana zaune a tsakiya, dogo, sanye da tabarau, yana magana a hankali da lafazin mutanen kudu, ba ya daka wa shaida tsawa. Wannan natsuwa ita ce ta sa jama'a suka amince da shi.

RAHOTO DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Ran 1 ga watan Mayu na 1951 kwamitin ya fitar da rahotonsa mafi muhimmanci, mai ɗauke da shawarwari 22. Ya ce akwai manyan ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Shikago ƙarƙashin Tony Accardo da Jake Guzik da 'yan gidan Fischetti, ɗaya a Niyok ƙarƙashin Costello da Joe Adonis da Meyer Lansky. Ya ce akwai wata ƙungiyar asiri mai suna Mafiya da ke ɗaure su wuri guda. Ya ƙiyasta kuɗin da ke yawo a haramtacciyar caca ya kai dala miliyan dubu 20 a shekara. Ya ba da shawarar a kafa hukumar tarayya mai nazarin laifuffuka, a kafa runduna ta musamman a Ma'aikatar Shari'a, a hana aika labarin caca ta waya daga jiha zuwa jiha, a tsananta binciken haraji, a kuma kori baƙin da aka samu da laifi. Daga ranar Kefauver ya sauka daga shugabancin kwamitin, O'Conor ya ƙarasa aikin zuwa ƙarshen watan Agusta.

In aka auna da dokokin da aka kafa nan take, amfanin kaɗan ne. Ma'aikatar Shari'a da Hoover sun ƙi shawarar kafa sabuwar hukuma, ta mutu a majalisa. Abin da ya samu shiga shi ne dokar 1951 da ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin caca, ta kuma wajabta wa mai karɓar caca ya yi rajista ya sayi hatimin dala 50 kowace shekara. A 1968 Kotun Ƙoli ta karya lagon wannan doka, domin tana tilasta wa mutum ya tona wa kansa asiri, abin da tsarin mulki ya hana. Da yawa daga shaidun da aka kai ƙara saboda ƙin amsa tambaya kotuna sun sallame su bisa wannan hujja. Costello dai an yanke masa ɗaurin wata 18 a 1952 saboda raina majalisa, daga baya aka sake ɗaure shi a kan haraji, Adonis kuma ya koma Italiya a 1956 bayan an ba da umurnin korarsa.

Amfanin da ya fi yawa ya zo ne a hankali. Garuruwa da jihohi fiye da 70 sun kafa nasu kwamitocin yaƙi da laifi. A 1954 Ma'aikatar Shari'a ta buɗe sashe na musamman a kan ƙungiyoyin miyagu. A watan Nuwamba na 1957 'yan sandan Jihar Niyok suka ci karo da taron shugabannin miyagu kusan 60 a ƙauyen Apalachin, abin da ya tilasta wa FBI ta sauya matsayi. A 1961, lokacin Robert Kennedy yana Ministan Shari'a, aka kafa dokar hana aika labarin caca ta waya tsakanin jihohi, shekara 10 cif bayan kwamitin ya nema. A 1970 aka kafa dokar da aka fi sani da RICO, wadda ta ba da damar hukunta shugabannin ƙungiya saboda tafiyar da ita ta hanyar laifi, ko da ba su ne suka riƙe bindiga ba.

INDA AKA SOKI AIKIN

Masana tarihi sun yi wa kwamitin gyara a wurare da dama. William Howard Moore, a littafin da ya wallafa a 1974, ya nuna cewa hujjar da kwamitin ya samu a kan ƙungiya guda mai juya laifin ƙasa baki ɗaya ba ta kai ƙarfin maganar da ya yi ba. Ɗora nauyin a kan Mafiya ya sa jama'a suka ɗauki laifi a matsayin baƙon abu da Italiyawa suka shigo da shi, alhali shaidun kwamitin kansa sun nuna akwai Yahudawa da 'yan asalin Ayalan da haifaffun ƙasa a ciki, kuma abin da ke raya sana'ar shi ne miliyoyin 'yan ƙasa masu son caca da jami'an da ke karɓar kaso. Shi kansa Kefauver an san shi da son zuwa filin sukuwa yana sa kuɗi, ko da yake caca a cikin filin halal ce a dokar jihohi da yawa.

Lauyoyi kuma sun nuna damuwa a kan talabijin. Mutumin da aka zaunar gaban fitilu da na'urori, ba shi da damar yi wa masu zarginsa tambaya kamar yadda zai yi a kotu, jama'a sun riga sun yanke masa hukunci tun kafin alƙali ya gan shi. A daidai wannan zamani ne Sanata Joseph McCarthy yake amfani da irin wannan iko yana ɓata sunan mutane da zargin Kwaminisanci. Makami ɗaya ne, bambancin yana ga hannun da ya riƙe shi.

SAKAYYAR JAM'IYYA

Farin jinin da ya samu ya sa ya nemi shugabancin ƙasa a 1952. A watan Maris ya ka da Shugaba Truman a zaɓen fid da gwani na Jihar New Hampshire, kafin watan ya ƙare Truman ya sanar ba zai sake tsayawa ba. Kefauver ya ci mafi yawan zaɓukan fid da gwani, ya sami ƙuri'u fiye da miliyan 3. Amma a zamanin nan manyan jam'iyya ne ke riƙe da yawancin wakilan babban taro, su ne kuwa mutanen da ya tona wa asiri. Ya yi gaba a zagaye na farko da na biyu, a na uku suka haɗa kai suka ba Adlai Stevenson. A 1956 ya sake nema bai samu ba, amma ya ka da John F. Kennedy a neman takarar mataimaki. Shi da Stevenson suka sha kaye a hannun Dwight Eisenhower da Richard Nixon.

Halinsa na tsayawa shi kaɗai bai sauya ba. A 1956 ya ƙi sa hannu a takardar da yawancin 'yan majalisar kudu suka fitar ta ƙin hukuncin Kotun Ƙoli na haɗa baƙaƙe da farare a makaranta ɗaya. Ya jefa ƙuri'ar goyon bayan dokokin 'yancin ɗan ƙasa na 1957 da 1960. Duk da haka mutanen Tennessee sun sake zaɓensa a 1954 da 1960.

BINCIKENSA NA ƘARSHE

Daga 1957 ya shugabanci ƙaramin kwamitin da ke sa ido a kan kamfanonin da ke danne kasuwa. Ya binciki farashin ƙarfe da motoci da burodi. A 1960 ya binciki damben zamani, inda tsohon zakara Jake LaMotta ya amsa cewa da gangan ya bari aka cinye shi a wani wasa a 1947 domin miyagun da ke juya harkar su ba shi damar neman kambi.

Mafi tsawo shi ne binciken kamfanonin magani, wanda aka fara a watan Disamba na 1959. Ya nuna irin ribar da ake ɗorawa a kan magunguna da yadda ake tallan wasu ba tare da hujjar suna aiki ba. Kamfanonin sun yi ƙoƙari har aka kusa kashe ƙudurinsa. Sai labarin maganin talidomaid ya ɓulla, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da naƙasar hannu da ƙafa a Turai da wasu ƙasashe, wanda kuma wata jami'ar hukumar abinci da magani, Dakta Frances Kelsey, ta ƙi bai wa izinin sayarwa a Amurka. Jama'a suka tashi, majalisa ta farfaɗo da ƙudurin. Ran 10 ga watan Oktoba na 1962 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar Kefauver da Harris, wadda ta wajabta wa kamfani ya kawo hujjar cewa maganinsa yana warkarwa kafin a bar shi ya sayar. A nan ma shekarun bincike ne suka tanadi doka a shirye, har ranar da masifa ta sa aka neme ta.

Ran 8 ga watan Agusta na 1963 ciwon zuciya ya kama shi a zauren majalisa ana muhawara. Bayan kwana biyu babbar jijiyar jininsa ta fashe, ya cika. An binne shi a maƙabartar danginsa a Madisonville. Bayan 'yan makonni Joseph Valachi ya zauna gaban kwamitin Sanata John McClellan, ya zama ɗan ƙungiya na farko da ya bayyana tsarin gidajen Mafiya na Niyok a bainar jama'a. Ginin kotun da kwamitin Kefauver ya zauna a Las Vegas a watan Nuwamba na 1950 an mai da shi gidan tarihin ƙungiyoyin miyagu da masu yaƙi da su a 2012.

Nijeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, kuma sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun bai wa Majalisar Tarayya ikon gudanar da bincike da kiran shaidu, domin kafa doka ko gyara ta, da kuma fallasa cin hanci da almubazzaranci. Duk ɗalibi ko ma'aikacin da ke son sanin ƙimar wannan iko yana da abin nazari a aikin Kefauver. Kwamitinsa ya yi tambayar da 'yan sanda ba za su yi wa kansu ba, ya kuma yi ta ko da amsar ta cutar da jam'iyyar shugabansa. Amma tona asiri kwana takwas ya ɗauka a Niyok, dokokin da aka nema kuwa sai da aka yi shekara 10 zuwa 20 ana bibiya kafin su samu. Rahoton da aka ajiye a kabad ba a koma kansa ba, bai hana ko ɓarawo ɗaya barci ba.